Gumbar Ragowar Iri

Shekarar da na gama makarantar 'yan mata na dawo gida Kaduna, ba ni da wani aiki sai karatu da kallon sama. Ina jiran takardar da za ta faɗa mini makarantar da zan je koyarwa, takardar kuwa ta ƙi zuwa. A ƙarshen shekarun alif ɗari tara da hamsin ne. Muna zaune a gidajen ma'aikata da ke gefen Unguwar Rimi, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida da bishiyar gwanda guda. Da hantsi nakan shimfiɗa tabarma a gindin gwandar, littafi a cinya, idona kuwa yana kan gajimare. Inna takan ce da za a iya tuƙa tuwo da mafarki, da ba wanda zai kwana da yunwa a gidanmu.

Baba malamin gona ne a ma'aikatar gona, amma rabin aikinsa a kan tebur yake. Tun yana ƙarami aka ɗauke shi daga ƙauye aka kai shi makaranta, hannunsa ya manta da fartanya, zuciyarsa kuwa ba ta bar gona ba. In muna cin abinci ya ji kukan jirgin ƙasa daga can nesa, sai ya ɗaga yatsa ya ce:

"Kun ji? Gyada ce da auduga ke tafiya. Duk ginin nan da kuke gani a Kaduna, da ofisoshin da fitilun, wani tsoho ne ya duƙa a gona ya biya su. In ƙauye ya ƙoshi, mu ma mun ƙoshi."

Ina son jin wannan magana. In ya faɗe ta, sai in riƙa ganin gonaki suna tafiya a layi zuwa tasha, kore shar, kamar 'yan makaranta.

Ana gab da damina ya dawo daga aiki da wasu ƙananan ƙunshin takarda a aljihun rigarsa. Ya buɗe ɗaya ya nuna mana. Gari ne mai laushi, ja-ja, kamar an busar da ruwan zoɓo. Ya ce maganin iri ne, sabon abu. Ana zuba shi a cikin irin gero ko dawa a girgiza kafin a shuka, sai kiyashi da gara da tsuntsaye su bar ƙwayar a ƙasa ta tsiro. Manomi ba zai yi shuka sau biyu ko sau uku ba kamar yadda aka saba. An ba kowane malamin gona ya gwada a inda ake jin maganarsa, shi kuwa ina za a ji maganarsa in ba a gidan ubansa ba?

Gidan yana wani ɗan ƙauye ne bayan Malali, wajen kogi. Malali ita kanta a lokacin 'yan gidaje ne da gonaki. Baffa, wan Baba, shi ne mai gida. Amma iri ba a hannunsa yake ba. Iri yana hannun Gwaggo, yayarsu duka, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida da zama. Ita ke zaɓen zangarniyar da ta fi cika tun ranar girbi, ita ke rataye ta a saman murhu hayaƙi ya kore ƙwari, ita ke sussuka ta da hannunta in lokaci ya yi. Ko Baffa ba ya taɓa tukunyar iri sai ta miƙa masa.

Ranar Lahadi muka tafi, Baba yana tura kekensa ina biye da shi. A hanya ya ba ni takardar bayanin maganin, bugun Hausa, gaba da baya.

"Ni zan zauna da maza a ƙofar gida," in ji shi. "Ke za ki shiga ciki ki karanta wa mata. Amma ki bi a hankali. Kin san Gwaggonki. In ta ce a'a, magana ta mutu. Kada ki tsorata su."

Na ce to.

Na tarar da mata sun taru a inuwar rumbu, har da na maƙwabta. Gwaggo na zaune a kan turmi da aka kifar, tana ɓare gyada. A jikin ƙafarta akwai jikarta, 'yar shekara huɗu, mai ƙaton ido da kitso biyu kamar ƙahon akuya. Yarinyar nan duk inda Gwaggo ta sa ƙafa tana nan. Gwaggo ba ta kiran ta sai da "ƙawata".

"A'a, ga Malama, ga Malama!" in ji Gwaggo tana dariya. "Ku matsa mata kada ta ɓata zanenta. Me ƙanena ya kwaso mana kuma daga wajen Turawa? Bara taki ne mai kama da gishiri. Bana fa, sukari ne?"

Mata suka fashe da dariya. Na durƙusa na gaishe ta, na zauna a bakin tabarma, na buɗe takarda.

Ba zan ɓoye ba, ina son muryata in ina karatu. A makaranta ni ake tsayarwa in an yi baƙi. Na fara, tsakar gida ya yi tsit. Takardar ta yi maganar gonar da ba gurbi ko ɗaya da ya mutu, da rumbun da ke kai mai shi har wata kaka, da ƙauyen da zai sayar da rarar hatsinsa ya haƙa rijiya ya gina aji. Na karanta a hankali, ina jan kowace kalma. Wata mata ta ce, "Kai, yarinyar nan kamar rediyo." Na ji daɗi har cikin ƙashina.

Gwaggo ta karɓi ƙunshi ɗaya ta buɗe, ta shinshina, ta yamutsa fuska.

"Wannan abin zan zuba wa irin da na gada a wurin uwata?"

"Gwaggo, kare shi zai yi."

"Shekara nawa ina kare shi da toka da hayaƙi?"

"A cikin tukunya kike kare shi, Gwaggo. Wannan a cikin ƙasa zai kare shi."

Ta dube ni ta gefen ido. "Ji bakinta. To, ci gaba."

Na juya takardar. A bayan akwai layi uku da manyan baƙaƙe. Har yau ina ganin su. Sun ce maganin nan guba ne. Sun ce irin da aka sa wa shi, kada mutum ko dabba ya ci, ko an wanke shi. Sun ce a wanke hannu da sabulu bayan an gama.

Na ɗaga kai. Gwaggo na riƙe da ƙunshin nesa da jikinta, kamar ta kama kunama ta wutsiya. Saura ƙiris ta yarda, saura ƙiris ta ƙi. Na tuna maganar Baba a hanya. Kuma, gaskiya, na ji nauyin in buɗe baki a gaban manya in ce mun kawo wa abincinsu guba. Kalmar ta yi mini kaifi, ba ta dace da daɗin da na gama zubawa ba. Na ce a raina, wa zai ci iri? Iri ai na ƙasa ne.

Sai na tsallake layi biyu na karanta na uku.

"An ce in an gama, a wanke hannu sosai da sabulu."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Gwaggo."

"To, abin da ruwa ke wankewa ai da sauƙi," in ji ta. Ta ƙulle ƙunshin a bakin zanenta. "Je ki gaya wa ubanki na yarda. Amma in gerona bai fito ba, shi zan shuka a gurbin."

Muka dawo gida Baba yana ta murna. Ya ce kaina yana ja. Ya saya mini rake a hanya kamar ƙaramar yarinya.

Ranar Laraba da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na tsaya a bakin ƙofa ina shaƙar ƙanshin ƙasa. Baba ya ce gobe duk mai iri zai fita shuka. Ranar Alhamis na wuni ina tunanin jajayen ƙwayoyin nan suna kwance a ƙasa mai sanyi, har na fara rubuta 'yar waƙa a kansu a bayan littafina.

Ranar Juma'a da safe, bayan Baba ya hau kekensa ya tafi ofis, ina taya Inna tsince shinkafa. Ta dubi sama, ta yi murmushi ta ce:

"Yau da kina ƙauye da kin sha gumba."

"Gumbar me, Inna?"

"Ta ragowar iri mana. Au, ke ina za ki sani, kullum damina kina makaranta. A gidan kakanninki, irin da ya fita zuwa gona ba ya komawa tukunya. Abin da ya rage a ƙwarya, Gwaggonki ke surfawa ta wanke ta daka gumba, ta tara yaran unguwa ta raba sadaka, don Allah ya sa wa shukar albarka. Juma'ar farko bayan shuka. Shekarar da aka kawo ni ma sai da na..."

Ban ji ƙarshen maganar ba. Tiren shinkafar ya zame daga cinyata.

"Ke lafiya?"

Abin da ke yawo a kaina kawai shi ne muryar Gwaggo tana cewa abin da ruwa ke wankewa ai da sauƙi. Na shiga ɗaki da gudu na zaro takardar daga cikin littafi, na juya bayanta, kamar ina fatan layukan sun sauya. Suna nan. Ko an wanke shi.

"Inna, guba ne. Irin nan guba ne. Ban gaya musu ba."

Inna ta dafe ƙirji. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ubanki bai gaya wa Baffanki ba?"

"Ya gaya wa maza. Amma mata ni aka ce in gaya wa."

Muka dubi juna. Mu duka mun san Baffa zai dawo daga gona ya miƙa wa yayarsa ƙwaryar kamar kowace shekara, ba zai ce uffan ba, don ya san an karanta mata takarda a cikin gida.

Ofishin Baba yana cikin gari, ƙauye kuwa yana ɗaya gefen. In na bi ta ofis, kafin masinja ya yarda ya shigar da ni, kafin a nemo shi, rana ta take. Inna na da tsohon ciki, ba ta iya tafiya mai nisa. Ban taɓa fita ni kaɗai na wuce bakin titi ba. Inna ce da kanta ta ciro mayafinta ta yafa mini.

"Tafi. Kada ki tsaya gaida kowa. Ni zan aika a gaya masa."

Na fita.

Hanyar nan na bi ta sau da yawa, ina tsayawa kallon furanni da malam-buɗe-littafi. Ran nan kamar an ja ta an ƙara mata tsawo. Na wuce bayan gidajen Turawa, inda leburori ke sare ciyawa, suka tsaya suna kallon budurwa mai takalmin makaranta tana gudu. Da na bar titi na shiga hanyar ƙafa, laka ta kama takalmin. Na cire shi na riƙe a hannu, can gaba ban san inda na yar da shi ba.

Ina gudu ina lissafin aikin Gwaggo. Za ta idar da sallar asuba ta yi lazimi. Za ta jira rana ta ɗan fito. Za ta yayyafa wa geron ruwa ta surfa. Ta bushe dusar. Ta wanke sau biyu, wataƙila sau uku saboda jan. Ta bar shi ya tsane. Sannan daka. Kowane mataki na ba shi lokaci mai tsawo, ina roƙon Allah ya sa taɓarya ta ɓace, ya sa wata baƙuwa mai surutu ta zo, ya sa Gwaggo ta tashi da ciwon baya. Ban taɓa yi wa wani fatan ciwo ba sai ran nan.

Gumba ba a dafa ta. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Daga turmi sai baki.

Gonaki a dama da hagu duk an shuka su, sawun dunduniya a jere a kan kowane gurbi. Jiya da na gan su da na ce rubutu ne a kan allo. Yau sai na ga kamar ƙananan kaburbura, na kau da kai da sauri na yi a'uziyya. Na riƙa ganin fuskokin yaran unguwar, waɗanda suka bi ni ranar Lahadi suna taɓa jakata. Ban san sunan ko rabinsu ba. Na riƙa ganin su a layi, kowa ya miƙa tafin hannu.

Wajen Malali rafin da muke tsallakewa da taki ɗaya ya cika ya kawo. Wasu matan Gwari da kayan itace a kafaɗa suna tsaye suna neman wurin ƙetarewa. Na faɗa ruwan ban ko tattare zane ba. Ya kai mini cinya, ya ja ni gefe, wata daga cikinsu ta cafke hannuna ta tsayar da ni. Ta tambaye ni wa ya mutu. Na ce ba kowa, ba kowa tukuna, na fizge na haye.

Tun kafin in ga rufin gidan na jiyo daka. Lugude ne, taɓarya biyu, ana yi ana tafi. A duniya ba sautin da nake so kamar wannan, amma ran nan kowane bugu a ƙirjina yake sauka. Na ce, in ana daka, ba a raba ba. Sai kuma dakan ya tsaya.

A ƙofar gida yara sun fi goma, suna zaune a gindin katanga da 'yan ƙorensu. Hannuwansu babu komai. Na bi ta tsakiyarsu na faɗa zaure ko sallama babu.

Gwaggo na durƙushe gaban turmi tana kwashe gumba tana dunƙulawa, tana jerawa a kan faifai. Fara tas, ba alamar ja ko kaɗan. Matar Baffa na tsaye da taɓarya.

"Gwaggo, kada a raba!"

Ta ɗago. Ta dube ni daga kai har ƙafa, laka har gwiwa, ba takalmi, mayafi a hannu.

"Subhanallahi. Wa ya rasu? Innarki ce?"

"Gumbar, Gwaggo. Guba ce. Maganin nan guba ne."

"Wane magani? Na wanke shi sau uku. Dubi, kin ga ja?"

"Ko an wanke. Takardar ta ce ko an wanke."

"Takardar da kika karanta mana? Ina zaune a nan, ba ta ce haka ba."

"Ta ce, Gwaggo. Ni ce ban karanta ba."

Gwaggo ta ci gaba da kallona, dunƙulen gumba a hannunta. Na ga ba ta gaskata ba, ko kuma ba ta so ta gaskata. Sadakar nan tun uwarta ake yin ta, ga yara a ƙofa, ga wata 'yar boko ta zo a jiƙe tana cewa a fasa.

Matar Baffa ce ta yi ƙara. "Yaya, dubi kajin!"

A bayan rumbu, inda aka zubar da dusar surfen, kaza biyu na kwance suna shure-shure. Zakaran gidan yana tafiya yana faɗuwa, wuyansa ya karkace, fikafikansa na bugun ƙasa.

Gumbar ta faɗi daga hannun Gwaggo. Ba ta dubi kajin sau biyu ba. Ta juya tana waige-waige.

"Ƙawata. Ina ƙawata?"

Yarinyar ta fito daga bayan turmi. Kumatunta da leɓenta fari fat. A hannunta akwai guntun gumba da sawun haƙoranta a jiki.

"Ni na ba ta," in ji Gwaggo, da wata murya da ban taɓa ji a bakinta ba. "Ɗanɗanon farko kullum nata ne. Ni na ba ta da hannuna."

Abin da ya biyo baya a gutsure nake tuna shi. Gwaggo ta ɗora yarinyar a cinya ta sa mata yatsa a maƙogwaro. Matar Baffa ta dama ruwan gishiri. Yarinyar na kuka tana amai tana kiran kakarta, ba ta san laifin da ta yi ba. Wani ya ruga gona ya kira Baffa. Ni kuwa na ɗauki faifan gumbar na rungume a ƙirji na tsaya a tsakiyar gida, na rasa inda zan ajiye shi a duniya. Duk inda na duba sai in ga akwai bakin da zai kai gare shi.

Baffa ya shigo, ya ji abin da ya faru, bai ce mini komai ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya ari keken maƙwabci, aka goya wa uwar yarinyar, 'yar Gwaggo, ita a baya, ya ɗauke su suka nufi asibiti a cikin gari. Na miƙa masa takardar na ce ya nuna wa likita bayanta. Ya karɓa bai dube ni ba.

Aka sallami yaran ƙofar gida da ƙuli-ƙuli. Gwaggo ta ɗauki fartanya da kanta ta tafi bayan gida ta haƙa rami mai zurfi. Muka zuba gumbar, da dusar, da kajin, har da ƙasar da ruwan wankin ya jiƙa. Ta sa aka fasa ƙwaryar. Turmin ta tsaya ta daɗe tana kallon sa, turmin uwarta ne, sannan ta ce a kai shi bayan gida a kife, kada a ƙara daka abin ci a ciki.

Daga nan sai jira. Muka zauna a inuwar rumbu, daidai inda na yi karatu ranar Lahadi. Aka yi kiran sallar Juma'a daga nesa, aka sauko, ba labari. Duk ƙarar da na ji a waje sai gabana ya faɗi. Na riƙa sauraron hanya, ina tsoron in ji keke, ina tsoron kada in ji. Na san yadda ake dawowa da labari mai daɗi, da ƙararrawa tun daga nesa. Na san kuma yadda ake dawowa da ɗayan, a tura keke a hankali a jingine shi ba ƙara.

Gwaggo na jan carbi. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Me ya sa?"

"Na ji tsoro kada ki ƙi, Gwaggo. Kuma na ji kunya."

"Kunya." Ta ja ƙwaya biyu. "Ni na yi miki kama da wadda ba a gaya wa gaskiya? Na riƙe maganin ɓera a ɗakina, na riƙe dafin kibiyar mijina shekara ashirin, ba wanda ya taɓa lasa. Da kin ce mini guba ne, da na san inda zan ajiye shi. Ku kuna can kuna ganin mu kamar yara, sai an sa mana zuma a baki."

Hawaye kawai ke zuba a kan lakar da ta bushe a ƙafata.

Bayan la'asar muka ji ƙararrawar keke. Sau uku, sau huɗu, ba ƙaƙƙautawa. Baba ne. Ya shigo rigarsa ta ofis jiƙe da gumi, ya ce saƙon Inna ya same shi, ya haɗu da su Baffa a hanya, yanzu daga asibiti yake. An wanke mata ciki. Ta yi rawar jiki da farko, amma ta lafa, har ta nemi a ba ta ruwa. Likita ya ce yawancin maganin ya tafi da dusa, kuma aman da aka sa ta ya taimaka. Za su riƙe ta kwana biyu su gani.

Gwaggo ta kifa goshinta a ƙasa ta daɗe ba ta ɗago ba.

Da ta ɗago, Baba ya durƙusa a gabanta, babban mutum da shi, ya cire hula.

"Yaya, laifina ne. Ni na ce kada ta tsorata ku. Kuma na manta da sadakar iri, wallahi na manta. Zan kwashe sauran maganin in mayar."

"Ka mayar ina?" in ji ta. "Wanda ke cikin ƙasa fa, za ka tone shi? Bari mu ga abin da zai yi tukuna. Amma ka ji. Gidan nan da gidajen nan duka, iri a hannun mata yake. In ka kawo wani abu na iri, ni za ka fara samu, ba 'yan zaman ƙofar gida ba. A karanta mini gaba da baya. Ita wannan za ta karanta, ta fi kowa sanin abin da ke bayan takarda yanzu."

A kwana na uku aka dawo da yarinyar, ta rame, idon ya ƙara girma. Da ta gan ni ta ɓoye a bayan kakarta. Ta ɗauka ni ce na sa aka yi mata ɗuren ruwan gishiri, kuma ba ta yi kuskure ba.

Lahadin da ta biyo Gwaggo ta tara matan ƙauyen, har da na gidajen da ba su karɓi maganin ba. Na tsaya na karanta layukan nan uku. Muryata ba ta yi daɗi ba, rawa take yi. Gwaggo ta sa na maimaita har sau uku. Sannan ita ta yanke yadda za a yi: kafin a zuba magani, a fara ɗebe mudun sadaka a ajiye daban, mai tsabta. Ƙwaryar magani a ɗaura mata jan ƙyalle, kada ta shiga madafa. Abin da ya rage daga gona, a ƙara gurbi a bakin kunya a shuke shi duka, ko ƙwaya kada ta dawo gida.

Geron ya fito. Na je na gani da idona bayan sati biyu, layi-layi, da wuya ka ga gurbin da ya mutu. Baffa ya tsaya a bakin gona yana gyaɗa kai, ya ce bana ba maimaita shuka. Ran nan ne ya fara yi mini magana tun ranar Juma'ar, ya ce in kula da ƙaya tunda na koyi yawo ba takalmi.

Takardar aikina ta zo cikin daminar, aka tura ni wata makaranta kusa da Kawo. Waƙar da na fara a bayan littafi ban ƙarasa ta ba. Damina ta gaba Gwaggo ta aiko mini da gumba a cikin ƙoƙo, ta ce a gaya mini daga mudun sadaka ce, kuma ƙawarta ta riga ta ɗanɗana. Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya. Na zauna a gindin gwanda da ƙoƙon a cinya, na daɗe ina juya dunƙulen ina duban sa ta kowane gefe, kafin na iya gutsura.